Ina Gizo Zai Kwana Yanzu Da Dandali Ya Watse?

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An saba jefa wannan karin magana ga wanda ya tafi birni ya manta da dangi, amma a yau ta shafe mu har da mu da muke zaune a gida, muna kallo abin da iyayenmu suka rene mu da shi yana sulalewa daga hannun 'ya'yanmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Matazu, ko Musawa, ko Malumfashi, ko Bakori, in dai ya ba shekara 30 baya, ya san ban da makarantar boko da ta addini akwai wata ta uku da ya yi, wadda ba ta da allo, ba ta da hedimasta, ba a kuma biyan ko kwabo. Ita ce makarantar dandali da ɗakin kaka, inda ake tatsuniya da kacici-kacici, da gaɗa da langa, da kiɗa da rawa.

Wannan makaranta ta uku tana gab da rufewa a yawancin garuruwanmu, wasu wuraren ma ta riga ta rufe. Malamanta kuwa, wato tsofaffi mata da makaɗan gargajiya, suna nan da ransu tukuna, sai dai kullum raguwa suke yi. Abin da za mu duba a wannan shafi shi ne yadda makarantar firamare za ta buɗe musu ƙofa su shigo da rana, su ba yara abin da dare ya daina ba su, tun kafin a neme su a rasa.

Abin da ake koya a makarantar dare

Da an ci tuwon dare, musamman da kaka in an kai amfanin gona gida, farin wata kuma ya fito, sai yara su kasu kashi-kashi. Ƙanana su kewaye kaka ko gwaggo a tsakar gida, ta ce ga ta nan ga ta nanku, su amsa ta zo mu ji ta. Daga nan sai Gizo da matarsa Ƙoƙi, sai Kura uwar kwaɗayi, sai Dila malamin daji, sai Dodo, sai 'yar bora da 'yar mowa.

Alal misali, a ɗauki labarin Gizo da hankaki. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar kogi. Gizo ya yi ta roƙo har kowane ɗayansu ya ara masa gashi guda, aka liƙa masa, ya tashi sama tare da su. Da isa sai ya shiga hana masu gashin ci, duk ɓauren da wani ya nufa sai ya ce shi ya riga gani. Da barci ya kwashe shi, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan reshe ruwa ya kewaye shi. Yaron da ya ji wannan yana ɗan shekara 5 ba ya bukatar doguwar nasiha a kan butulci, gama duk ranar da ya so cin amanar wanda ya taimake shi, zai tuna da Gizo a kan ɓaure.

Ban da tarbiyya, akwai horon ƙwaƙwalwa. In kaka ta gama, ta ce ƙurunƙus, sai a ce wa yaro shi ma ya kawo tasa. Dole ya tuna abin da ya faru da fari da abin da ya biyo baya, ya sauya murya in Gizo ne ke magana da tsamin bakinsa, ya rera waƙar da ke cikin labarin. In ya tsallake wani wuri, sauran yara ba za su ƙyale shi ba. Haka nan kacici-kacici. A ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, yaro ya yi ta lalube har ya gano tsintsiya ce. A ce baba na ɗaka gemu na waje, ya gano wuta ce da hayaƙi. In ya kasa sai ya ba da gari, ta nan kuma yake fara jin sunan Katsina da Kano da Zariya tun bai taɓa taka su ba.

Waɗanda suka ɗan tasa su kuma sai dandali. 'Yan mata su yi da'ira suna gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na amshi da tafi, wata ta saki jiki ta faɗo da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla. Wadda ba ta amince da 'yan'uwanta ba, ba ta iya wannan faɗuwa. Waƙoƙin kuwa cike suke da zancen aure, da zama da uwar miji, da kunya, da haƙuri. Samari su yi langa, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar, 'yan ɓangare suna kare ɗan wasansu da ake kira ruwa har ya kai masha. Ga dara ta masu lissafi, ga carafke ta 'yan mata, ga kokawa. In azumi ya kai kwana 10 kuma sai tashe, inda yara ke kwaikwayon tsoho da mai magani da miji da mata, suna bi gida-gida.

Kowace sana'a da kiɗanta

A wannan yanki namu na auduga da masara da dawa, kiɗa abokin aiki ne. In an kira gayya, mai gangar noma yana bayan manoma yana bin su kunya-kunya, yana kaɗa wa kowa takensa, yana tuna masa ko shi ɗan wane ne, da irin damman da kakansa ya ɗaure. Wanda ya noma dami dubu shi ake yi wa kallon Sarkin Noma. Mahauta nasu kalangu ne, su ne kuma ke yawon dambe gari-gari in kaka ta yi. Maƙera suna da dundufa, mafarauta suna da garaya, makiyayi yana da sarewa, fada tana da kakaki da algaita da tambari. Mata a cikin gida suna da shantu da ƙwarya, har ma da lugude a bakin turmi. Yaron da ya san waɗannan, da jin sauti daga nesa ya san abin da ake yi da kuma su wane ne ke yi. Bayan an gama girbi kuma akan yi kalankuwa, samari da 'yan mata su naɗa shugabanninsu, su shirya bikinsu da kansu, su karɓi baƙi daga ƙauyukan kewaye.

Daga irin wannan ƙasa ce manyan mawaƙa suka fito. Alhaji Mamman Shata a Musawa aka haife shi, nan maƙwabtanmu, a 1923. A dandali ya fara waƙa, ya zauna a Bakori da Funtuwa, ya ɗauki kalangu ya kai shi ƙasashen duniya, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, kafin rasuwarsa a 1999. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna, tana kira ga mata su kama sana'a. Sau da yawa ɗan firamare a Matazu zai kawo maka sunayen 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma ka tambaye shi bambancin kalangu da kotso sai ya yi zuru.

Me ya watsa dandali?

Abin bai zo dare ɗaya ba. Tun daga 1990, sa'ad da finafinan Hausa na bidiyo suka fara fitowa daga Kano, gidan kallo da janareto suka soma janye yara daga gaban kaka. Bayan haka wayar hannu ta zo ta shiga aljihun kowa. Ba a ce waɗannan abubuwa ba su da amfani ba, amma sun mayar da yaro ɗan kallo, alhali a dandali shi ne mai yi.

Abin da ya ƙarasa lamarin shi ne rashin tsaro. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, sai bayan kwana 6 aka sako su. Kafin wannan da bayansa, ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Faskari, Sabuwa, Ɗandume, Ƙanƙara, Malumfashi, Musawa da Matazu sun sha hari da satar mutane da shanu. Uban da ya ga haka ba zai bar 'yarsa ta fita gaɗa bayan magariba ba, babu kuma mai ganin laifinsa. Inda ake kasa kunne ko za a ji ƙarar babur, ba a kaɗa ganga. Iyalan da suka gudo cikin gari kuma sun rarrabu, kaka tana wurin wannan ɗa, jikoki suna wurin wancan, ɗaki ɗaya mutum goma, ba wanda ke da sukunin tatsuniya.

Saboda haka wuri ɗaya da ya rage inda yaran gari ke taruwa da yawa, da rana tsaka, a ƙarƙashin idon manya, shi ne makaranta. A da, in za a yi tatsuniya da rana, akan ce sai an ɗaure Gizo tukuna. To, yanzu lokaci ya yi da za a ɗaure shi a kai shi aji.

Abin da aka rubuta, da abin da takarda ba ta ɗauka

Ba yau aka fara ƙoƙarin adana wannan gado ba. Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta sa'an nan aka 'yanta shi, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, bai kai shekara 20 ba. A can wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön ya zauna da shi ya rubuta labarin rayuwarsa da tatsuniyoyin da ke kansa, aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yaron da aka raba da iyayensa da garinsa, abin da ya ji a tsakar gida shi ne dukiyar da ba a iya ƙwace masa ba. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa har juzu'i 3, da yawa daga cikin labaran malamai ne suka rubuta su da ajami. Alhaji Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja, daga 1937 kuma Magana Jari Ce ta fara fitowa domin 'yan makaranta. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi 6, waɗanda ɗaliban firamare da yawa suka karanta.

Waɗannan littattafai sun yi babban aiki, ya kamata kuma kowace makaranta ta mallake su. Sai dai takarda ba ta ɗaukar karin waƙa, ba ta ɗaukar tafi, ba ta nuna yadda ake jefa ƙafa. Mutum ba ya koyon langa daga littafi, kamar yadda ba ya koyon huɗa daga littafi.

Ta fuskar hukuma, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta faɗaɗa wannan zuwa shekara 6, amma a watan Nuwamba na 2025 aka soke shi, aka koma ga Turanci a matsayin harshen koyarwa. Duk da haka darasin Hausa yana nan a jadawali, haka ma darasin al'adu da fasaha, da na tarihin Nijeriya, da na motsa jiki. Wato gurbi yana nan. Abin da yakan faru kawai shi ne malami ya rubuta ma'anar al'ada a allo da Turanci, yara su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa, alhali mai gangar noma yana zaune a gindin bedi bayan katangar makarantar, ba wanda ya taɓa gayyatarsa.

Darasi daga mutanen Lakota

Wani zai ce ai Hausa ba za ta mutu ba, miliyoyin mutane ke magana da ita, ana jin ta a gidajen rediyon Ingila da Jamus. Gaskiya ne. Amma rumbu yana iya tsayawa da ƙafarsa alhali hatsin ciki ya ƙare. Domin mu ga yadda gado ke salwanta, da irin wahalar da ake sha kafin a dawo da shi, bari mu leƙa wata al'umma mai nisa da mu.

Mutanen Lakota suna daga cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a can. Mazauninsu filayen ciyawa ne na jihohin Dakota ta Kudu da Dakota ta Arewa, a da kuma rayuwarsu ta dogara ga doki da farautar ɓauna. Bayan da gwamnatin Amurka ta tsare su a keɓaɓɓun yankuna, sai ta juya kan 'ya'yansu. A 1879 wani hafsan soja mai suna Richard Pratt ya buɗe makarantar kwana a garin Carlisle, ɗaliban farko kuwa 'ya'yan Lakota ne. Da isar yaro sai a aske masa gashi, a tuɓe masa tufafin gida, a ba shi sunan Turawa, a hana shi magana da harshensa. Makarantun mishan na wancan zamani ma sun bi wannan tafarki. A 1883 aka kafa doka da ta haramta manyan raye-rayensu, wanda ya karya a ɗaure shi ko a hana shi rabon abinci. A ƙarshen Disamba na 1890, cikin fargabar wata rawa da ta yaɗu a tsakaninsu, sojoji suka kashe musu mutum fiye da 200 a wani wuri da ake kira Wounded Knee, har da mata da yara. Sai a 1978 majalisar Amurka ta yi dokar da ta tabbatar musu 'yancin bukukuwansu, a 1990 kuma ta yi wata domin kare harsunansu. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Wani ƙiyasi na 2016 ya nuna waɗanda suka tashi da harshen Lakota a baki ba su wuce kimanin 2,000 ba, yawancinsu tsofaffi.

Abin lura shi ne, makarantar da aka yi amfani da ita aka raba su da gadonsu, ita suka koma wa domin su dawo da shi. Wata makaranta da 'yan mishan na Katolika suka kafa a yankin Pine Ridge a 1888, wadda aka sauya wa suna zuwa Red Cloud a 1969 don tunawa da wani shugabansu, ta koma koyar da harshen Lakota tun daga ƙananan azuzuwa. A 2007 jihar Dakota ta Kudu ta yi dokar ilmin 'yan asalin ƙasa, daga nan aka zauna da dattawa aka tsara abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani game da su, aka kuma ɗauki hirar dattawan a bidiyo domin malamai. Wani mutuminsu, Kevin Locke, wanda ya rasu a 2022, ya shafe shekaru yana bin makarantu da sarewarsa da wasu zobba 28 masu kama da garen da yaranmu ke turawa. Yakan yi rawa da su yana siffanta tsuntsu da fure da duniya, sa'an nan ya miƙa wa yara zobban su ma su gwada. Ya kai wannan wasa ƙasashe fiye da 80, gwamnatin Amurka kuma ta ba shi babbar lambar masu fasahar gargajiya a 1990.

Mai karatu zai yi mamaki in ya ji su ma suna da nasu Gizon. Sunansa Iktomi, ma'anar sunan kuwa gizo-gizo, shi ma mayaudari ne da wayonsa ke komawa kansa. A wani labari ya ce wa agwagi su rufe ido su yi rawa yana yi musu waƙa, ya riƙa murɗe wuyansu ɗaya bayan ɗaya, har wata ta buɗe ido ta yi kururuwa saura suka tsere. Waɗanda ya gasa kuma bai ci ba, gama ya maƙale a kan bishiya yana kallo kyarketai suka cinye. Su ma da dare suke irin waɗannan labarai, musamman da hunturu. Bambancinmu da su shi ne, su da ƙarfin bindiga da doka aka ƙwace musu, mu kuwa ba wanda ya kafa mana doka. Su sai da suka koma ga tsofaffin faya-fayai da littattafan baƙi suna tsintar abin da ya rage, mu kuwa masu abin suna cikin unguwa.

Yadda hedimasta zai fara

Wannan aiki ba ya jiran kwangila ko sabon gini. Na farko, a keɓe darasi ɗaya a mako, ko da na ƙarshe ne ranar Alhamis, a fito da yara gindin bishiya. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci a nemi tsohuwar da aka sani da iya tatsuniya, da makaɗin noma, da maƙeri, da wanzami, kowa da makonsa. A karɓe su da girmamawa irin ta malami, a ba su kujera, yara su gaishe su da Baba ko Inna. Kuɗin goro da na mota ba zai gagari ƙungiyar iyaye da malamai ba.

Na biyu, kada yara su zama 'yan kallo. In an kaɗa, su taka. In an bayar, su amsa. 'Yan aji 4 zuwa 6 su rubuta tatsuniyar da suka ji da Hausa, da ƙugiyoyin haruffa daidai, washegari wani ya tashi ya karanta wa 'yan aji 1. Ta haka darasin al'ada ya zama darasin karatu da rubutu, abin da yaranmu da yawa ke gama firamare ba su ƙware a kai ba. A ba kowane yaro aikin gida ya je wurin kakarsa ya samo kacici-kacici 3 ko karin magana 5 da ba a kawo a aji ba. A ƙarshen shekara makaranta ta ɗinke su wuri ɗaya, da sunan unguwar da aka samo kowanne. Malamin da ke da waya kuma ya ɗauki muryar tsofaffin, in sun yarda.

Na uku, yara su ƙera kayan kiɗan da hannunsu. Shantu daga dogon duma ake yin sa, sarewa daga kara ko gora, ƙaramar ganga daga gwangwani da fata. Duk ana samunsu a gona da kasuwa.

Na huɗu, a ari wata dabara ta mutanen Lakota. Su a da sukan ajiye tarihi a kan fatar ɓauna, kowace shekara a zana hoto ɗaya na babban abin da ya faru a cikinta, mai riƙon fatar kuma ya haddace labarin kowane hoto. Mu ma da abin da ya faru muke ƙidayar shekaru. Tsofaffi sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga iyayensu, suna tuna canjin hannu na 1972, da canjin kuɗi na 1973 sa'ad da Naira ta maye gurbin fam, da ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Yara su tambayi dattawa abin da ya faru a garinsu shekara bayan shekara, su zana a kan kwali ko farin ƙyalle, a rataye a aji. Wannan shi ne tarihin Matazu da babu shi a kowane littafi.

Na biyar, a tuna aji ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai 'ya'yan Fulani, akwai 'ya'yan gidajen da suka fito daga Maguzawa, akwai 'ya'yan Ibo da Yarbawa 'yan kasuwa. Kowa a ba shi ranarsa ya kawo labari ko waƙar gidansu. A wannan lokaci da zargi ya yi yawa tsakanin manomi da makiyayi, yaron da ya zauna ya saurari sarewar kakan abokinsa, da wuya a hure masa kunne a kan abokin nan gaba.

Amsa ga masu shakka

Akwai iyaye, Musulmi da Kirista, da ke tsoron kada da sunan al'ada a shigo da bori da tsafi cikin makaranta. Tsoronsu yana kan hanya, kuma maganinsa zaɓe. Tatsuniyar Gizo, da gaɗa, da langa, da gangar noma ba bauta ba ce. Abin da ya shafi girka da yanka ba na aji ba ne. Haka nan akwai waƙoƙi masu batsa, da wasannin da ke yi wa makaho ko gurgu ko wata ƙabila dariya, waɗannan a bar su a waje. Barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Katsinawa da Nufawa, a bayyana wa yara cewa zumunci ne, yana kuma da iyaka. Kwamitin iyaye, tare da liman da fasto inda akwai su, su ga abin da za a koyar tun kafin a fara. 'Yan mata su yi nasu a gefe guda ƙarƙashin malama, kamar yadda ake yi a dandali tun asali.

Wasu kuma za su ce ɗansu ba maroƙi ba ne, ba su kai shi boko don ya koyi kiɗa ba. Yaron da ya yi darasin noma a makaranta ba lalle ne ya zama manomi ba, amma ya san inda tuwonsa ya fito. Haka wannan ma.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne al'adar nuna wa baƙi. Mun saba gani ranar yara ta 27 ga Mayu, ko ranar 1 ga Oktoba, a zaɓi yara 12 a ɗaura musu kaya, su yini a rana suna jiran manyan baƙi, su yi rawar minti 5, a liƙa musu kuɗi, shi ke nan sai baɗi. Sauran ɗaruruwan yaran ba su koyi kome ba, su 12 ɗin ma ba a gaya musu ma'anar abin da suka taka ba.

Kira

Muna kira ga sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin wannan yanki da su ba hedimastoci izini a rubuce, domin da yawa suna so amma suna tsoron a ce sun kauce wa manhaja. Muna kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da ta karɓi abin da makarantu za su tattara ta adana. Hakimai da dagatai su ne suka san masu abin, maganarsu ɗaya ta isa ta fito da su. Ku kuma iyaye, ko makaranta ba ta fara ba, a kashe waya na rabin sa'a bayan tuwon dare, a tura yara ɗakin kaka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kaka mai zuwa, in an ɗaure dawa an kai auduga kasuwa, hannun makaɗa da tsofaffi zai sarara, lokacin farawa ke nan. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu da gonakinmu, ya kuma raya mana zuriya.